Tudun Ƙasa a Ciyawar Alhaji Mai Siminti

Sai da na shekara biyu a Landan kafin na san ana sayen ciyawa. Ni ɗan masu lambu ne, daga wani ƙauye a bakin kogin Haɗeja, kuma tun da na iya riƙe fartanya ban san ciyawa da komai ba sai abar nomewa. To, a ƙasar Turawa sai da zamana da korata suka rataya a kanta.

Karatun safiyo aka turo ni, wato awon ƙasa, a shekarun nan da kuɗin man fetur ya yi wa gwamnati yawa har ake kwasar samari irina ana zubawa a jirgi. Zangona na farko wani ɗaki ne a ƙuryar saman bene a Marylebone, wanda in na miƙe da sauri sai rufi ya gaisa da kaina. Shekarar farko na haye da ƙyar. Ta biyu na faɗi warwas, kuma ba zan ɗora wa kowa ba. Lissafi ya fi ƙarfina, ga kewar gida da ke sa in buɗe littafi da hantsi, la'asar ta same ni a shafi ɗaya ina tunanin ko an dasa albasa.

Na je ofishin da ke kula da ɗalibai a wajen Charing Cross. Jami'in da na samu mutumin kirki ne, har shayi ya ba ni kafin ya karanta mini doka: wanda ya faɗi, sikolashif ɗinsa ya tsaya. Makaranta ta yarda in sake zama jarrabawar nan da 'yan watanni, amma hatimin da ke cikin fasfona zai mutu kafin lokacin. Ba za a sabunta shi ba sai na kawo takarda daga wani mai hali da zai sa hannu cewa ya san ni, ya yarda da amanata, ya kuma tsaya mini. In babu wannan takarda, sai gida. A gida kuwa tuni aka daina kiran mahaifina da sunansa, sai Baban Injiniya.

Daga Marylebone na koma kwana a ƙasa a ɗakin wani abokina a bayan Old Kent Road, inda motocin bas ba sa barin gilashin taga ya huta. Na buga takardar da kaina a tafireta, na bar gurbin sa hannu, na sa ta a ambulan. Duk Juma'a ina yawo da ita bayan an idar da salla. Na tari likitoci, na tari manyan ma'aikata. Kowa sai ya duba, ya jinjina kai, ya ce, "Allah sarki. Bari mu gani, zan yi maka ringing." Babu wanda ya tambaye ni lambar da zai kira, kuma da ma ba ni da ita.

Wanda ya dube ni da idon rahama direba ne. Baba Seidu dattijo ne mutumin zangon Kumasi, mai irin Hausar nan da ba ruwanta da bambanta mace da namiji. Shi ke tuƙa wani attajirin Kano da ake kira Alhaji Mai Siminti, shi ke kuma gadin gidan da Alhajin ya saya can ƙarshen layin tube, wato jirgin ƙarƙashin ƙasa, inda Landan ta fara zama karkara.

"Ɗana, ka san aiki na gona?" ya tambaye ni.

"Baba, a cikinsa aka haife ni."

"To, zo. Alhaji ya sayi ciyawa, yana neman mutum da zai duba shi."

Na zaci tumaki Alhaji yake kiwo. Ranar da na je na tarar da babbar mota tana sauke ciyawar, an yanko ta fale-fale har da ƙasarta, an nannaɗe kamar tabarmi. Turawa uku suka yini suna shimfiɗawa a bayan gida, suna haɗa baki da baki, suna dannawa da katako. Kafin magariba filin da ya wayi gari ƙasa tsura ya zama kore shar, sumul. Babu tunkiya a gidan, babu akuya. Kallonta kawai za a riƙa yi.

Alhaji ya fito baranda, gajere ne mai jiki, mai magana a hankali. Washegari zai tashi zuwa Legas, inda jiragen ruwa cike da simintinsa suke jira a kan teku. Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa ambulan. Ya karanta har ƙarshe, abin da ba kowa ya yi ba, sannan ya mayar mini.

"Hamisu kake ko? Takardar nan cewa ta yi na san ka, ni kuwa ban san ka ba tukuna. Nan da sati shida zan dawo da Turawan da muke harka da su, a nan waje za mu ci abinci. Ka riƙe mini ciyawar nan. In na ga yadda ka riƙe ta, sai in sa hannu."

Hatimin fasfona saura sati bakwai ya mutu. Na ce, "Na gode, ranka ya daɗe." Aka ba ni ɗakin ajiyar kayan lambu a jikin gareji, Baba Seidu kuma ya riƙa zubo mini wake da shinkafa irin nasu na Ghana.

Bazarar nan Ingila ta yi fari. Ciyawar maƙwabta ta bushe ta koma launin buhun algarara, filin dawakin da ke bayan shingenmu ya tsattsage. Ni kuwa in akwai abin da na iya a duniya, ban-ruwa ne. Na yi wa ciyawar Alhaji yadda ake yi wa sabon dashen albasa da rani: bokiti biyu a hannu, safe da yamma, layi-layi, ba na ɗaga ƙafa sai ƙasa ta sha ta ƙoshi. Ruwan wanka da na wanke-wanke ma ba na bari su tafi a banza. Cikin sati biyu duk unguwar babu kore sai namu. Masu bin hanyar filin dawakin har tsayawa suke yi suna leƙowa, ni kuma ina hura hanci ina cewa a raina, ai jarrabawar da na san kanta ke nan.

Ran nan da safe na fito da bokitaina sai na ga tudu. Ɗan tudun baƙar ƙasa ne mai laushi, kamar an kifa ƙwarya, a tsakiyar filin. Na kwashe, na danne wurin da ƙafa. Washegari guda uku. Kwana na uku na daina ƙirgawa, kuma ban da tuddan ga wasu jijiyoyi da suka taso a ƙarƙashin ciyawar, in ka taka sai ƙafa ta burma. Duk inda jijiyar ta bi ta raba sabuwar ciyawar da ƙasa, kwana biyu sai wurin ya yi rawaya. Na daina iya cinye abincin Baba Seidu.

"Turawa suna ce masa mol," in ji Baba Seidu. "Cikin ƙasa yake zama, ba ya fitowa. Ni dai mota na sani, ɗana."

A tagar wani kantin jarida na ga kati, wani ya rubuta da biro cewa shi mai kama mol ne. Ya zo da tsohuwar mota da jaka a kafaɗa, ya ce in koma ciki, domin takun ƙafar mutum biyu yana korar dabbar. Bayan awa guda ya kira ni, ya ɗaga guda uku ɗaure a igiya. Ran nan na fara ganin abin da ke neman kora ta daga Ingila. Bai kai tafin hannuna ba. Baƙi ne mai laushin gashi, ba a ganin idonsa, sai hannuwa biyu masu faɗi irin na wanda ya tsufa a noma. Na juye wa mutumin duk abin da ke aljihuna, ya ce bai kai ba, na kwance agogona na ɗora. Da ya tafi Baba Seidu ya ɗauki guda ya kai hanci, ya yar.

"Wannan mushe ya kwana uku. Daga gidansa ya kawo shi."

Da gari ya waye sababbin tuddai suna nan reras. Na koma kantin, an cire katin.

Daga nan hankalina ya fara barin jikina. Na kafa turaku na ja zare, na zana taswirar hanyoyin dabbar a littafin makarantata, taswirar da na tabbata da a jarrabawa na yi irinta da ban faɗi ba. Ina cikin kallon taswirar nan sai na tuna yadda muke yi wa gafiya a gida. A toshe duk ramukanta a bar ɗaya, a cusa busasshiyar ciyawa da barkono, a kunna, a yi ta fifita. Ba a daɗewa za ta fito tana tangaɗi. Ban taɓa ganin abin rami da ya jure hayaƙin barkono ba, kuma ban ga dalilin da na Ingila zai fi na gida taurin rai ba.

Na hau bas har Old Kent Road na sayo barkono tsidugu, na roro tattaka a filin dawaki. Da azahar na buɗe babban rami a gefen shinge, na cusa, na kunna, na durƙusa ina fifita da murfin tukunya. Abin da ban sani ba shi ne, ramin gafiya ɗaki ne, na mol kuwa gari guda ne. Hayaƙi ya fara fitowa ta wuri goma, ta wuri ashirin, har ta cikin lambunan maƙwabta. Iska ta kwashe shi ta shiga da shi unguwa. Na ji wata mata da ke shanya ta kama tari, yaranta suka fashe da kuka, karnuka suka ɗauka. Kafin in farga wutar ta kama busasshen gindin shingen, ta lasa cikin ciyawar Alhaji. Sai ga ƙararrawar 'yan kwana-kwana. Suka ja mesa ta tsakiyar filin da manyan takalmansu, suna atishawa suna hawaye, suka kashe wutar cikin minti kaɗan.

Babbansu ya zo yana tambayar wane ne ni, me nake yi a gidan. Ni kuwa ɗalibi ne, ba ni da izinin aiki. Sai wani tsohon Bature ya leƙo ta kan shinge, idanunsa jajur, ya ce musu yaron baƙon gidan ne, shara ya ƙona iska ta juya, shi shaida ne. Suka yi mini faɗa suka tafi.

Na dubi filin. Ga ƙuna baƙa ƙirin mai faɗin tabarma biyu, ga sawun takalma, ga caɓi ko'ina. Saura sati biyu da 'yan kwanaki Alhaji ya dawo. Na zauna a kan bokiti na yi kuka, irin kukan da rabona da shi tun ina yaro. Na ga kaina ina sauka daga mota a ƙauyenmu hannu rabbana, na ga mahaifina yana neman abin da zai gaya wa mutane.

Tsohon nan ne ya zagayo ya same ni a haka. Sunansa Mista Doyle, mutumin Ailan, ya ƙare ƙuruciyarsa yana gyaran lambun maƙabarta. Ya zo da shayi a kofi da wasu tsofaffin tarkunan ƙarfe masu kama da almakashi. Ya soka yatsa a ƙasa, ya zaro wata tana mai ƙiba, ya nuna mini.

"Ka ga abincinsa. Ba ya cin ciyawa, tana yake ci. Duk unguwar nan ƙasa ta bushe ta yi tauri, tana ta nutse can ƙasa, sai a nan kawai. Yaro, kai ka gayyato su da bokitinka. Tun sati uku nake kallonka ta taga ina cewa yau zan gaya masa, gobe zan gaya masa, ina jin kunyar shiga sha'anin da ba nawa ba."

Wato abu ɗaya da na iya, shi ya kashe ni. Ya kuma nuna mini wasu ƙananan ramuka marasa tudu, ya ce waɗannan na wasu ɓerayen gona ne masu guntun bindi, su ke bin hanyar da mol ya haƙa suna cinye saiwar ciyawa. In aka kawar da mai haƙa, aka danne hanyoyin, su ma za su yi gaba.

Ya koya mini aikin dalla-dalla. A rage ban-ruwa. A bar tuddan tsakiya, a nemi babbar hanyar da ta shigo daga shinge, domin ta nan yake zirga-zirga. A murje hannu da ƙasa kafin a taɓa tarko, kada ya ji warin mutum. A rufe da ɓawon ciyawa yadda ko ɗigon haske ba zai shiga ba. Taswirata ta yi rana a nan, har ya riƙe ta yana jinjina kai. Wurin ƙunar kuwa, akwai wani ɗan zirin ciyawa a inuwar bangonsa, shi kaɗai ya rage masa kore a duk lambunsa. Ya yanke shi da wuƙa ya miƙo mini ta kan shinge, fale-fale, muka yi wa ciyawar Alhaji faci. Ba ni da abin ba shi. Na riƙa yi masa addu'a bayan kowace salla, ban san ko ya sani ba.

Cikin kwana goma muka kama huɗu. Tuddai suka ragu, suka ɗauke. Facin ya kama, sai wanda ya sani ne zai gane wurin. Ana gobe Alhaji zai sauka na sami Baba Seidu yana wanke mota, na roƙe shi kada ya ta da zancen wutar. Ya daɗe yana goge gilashi kafin ya ce, "Ni ba zan faɗa ba. In ya tambaye ni kuma ba zan yi ƙarya ba."

Ranar walima aka jera tebura a kan ciyawar, aka shimfiɗa musu fararen ƙyallaye. Baba Seidu ya ara mini babbar rigarsa, ta yi mini tsawo har tana jan ƙasa, aka ba ni tiren lemo in riƙa zagawa da shi. Ambulan yana aljihun ƙirjina. Baƙi suna falo ana shirin fitowa, na yi zagayen ƙarshe ina duba filin. Taku goma daga teburin Alhaji na ga ciyawa tana motsi. A gaban idona ta tsage, baƙar ƙasa ta fara bulbulowa a hankali, tana taruwa.

Na ji an buɗe ƙofar baranda. Babu lokacin ɗauko shebur. Ban yi shawara da kowa ba, har da kaina. Na taka tudun da ƙafa biyu, na saki rigar ta rufe, na tsaya da tirena.

A nan na yini. Rana ta dake ni tun azahar, gumi yana bin bayana har cikin takalmi. Mai son lemo sai dai ya tako ya same ni, Turawan kuma suka ɗauka haka al'adarmu take. Sau biyu na ji abin yana motsi a ƙarƙashin tafin ƙafata, yana turo ƙasa, ina dannewa. Baba Seidu ya zo ya sake cika mini tiren, ya dubi ƙasan rigar, ya dube ni, ya wuce. Wata tsohuwar Baturiya mai sanda ta roƙe ni in miƙo mata kujera, kujerar tana nan taku uku daga inda nake, na kafe idona a sama kamar ban ji ba. Har yau in na tuna fuskarta sai kunya ta rufe ni. Na yi ta karanta duk addu'ar da ta zo bakina, Allah Ya sa a tashi.

Walima kuwa ta yi kyau. Ina jin baƙi suna cewa a bana ba su ga ciyawa mai kore irin wannan ba a duk Ingila. Alhaji sai murmushi yake yi. Wajen la'asar ya jingina da kujera, ya zaro alƙalami daga aljihu, ya cire murfin.

"Hamisu, kawo takardar nan."

Abin da na yi wata biyu ina roƙon Allah ke nan. Taku goma ne tsakanina da shi, kuma babu hanyar yin su sai na ɗaga ƙafa.

"Hamisu, ba ka ji ba?"

Na tafi. Na ajiye tiren, na durƙusa, na miƙa ambulan da hannu biyu. A bayana wani Bature ya kece da dariya, ya nuna wurin da na baro, ya ce ashe Alhaji ma ya yi baƙi, yanzu ya zama cikakken mai gida a Ingila. Sauran suka taya shi. Kowa ya shiga ba da labarin nasa mol ɗin, wannan ya ce ya binne kwalabe, wancan ya ce shekararsa nawa yana yaƙi da su bai ci ba. Alhaji ma ya yi dariya har da buga tebur. Na ji wani sanyi ya ratsa ni, na ce ashe abin bai kai yadda na ɗauka ba.

Ya warware takardar ya shimfiɗa, ya kai bakin alƙalami gurbin. Sai ya sake waiwayar tudun. Tudun ya baje, kuma a tsakiyarsa ga sawun takalma biyu a jere, sun nutse kamar an dasa su. Ya dubi ƙafafuna. Ya yi ƙasa da murya, ya koma Hausa yadda baƙi ba za su ji ba.

"Tun yaushe kake tsaye a wurin?"

"Tun kafin a fito, ranka ya daɗe."

"Shi ya sa tsohuwar can ta nemi kujera ka yi kamar ba ka ji ba."

Na sunkuyar da kai.

"Zancen hayaƙin ma matar maƙwabcinmu ta tare ni da shi jiya ina sauka daga mota. Dariya na yi. Ina ta jira in ji daga bakinka." Ya sake duban tudun. "Ƙasa ce fa, Hamisu. Shebur ɗaya ya kwashe ta. Da ka zo ka ce, Alhaji, ga abin da ya faru, da tun jiya na sa hannu."

Na so in ce masa tsoro ne, ba ha'inci ba, kuma mai jiragen ruwa a teku ba zai san abin da tsoro ke sa mutum ya yi ba. Ya ɗora yatsa a kan layin da na buga da hannuna, inda aka ce ya yarda da amanata, ya karanta shi a hankali, leɓunansa suna motsi. Sannan ya mayar da murfin alƙalamin, ya ninke takardar yadda take, ya miƙo mini.

"Ɗauko shebur ka kwashe, kada baƙi su taka."

Na kwashe. Ba ta cika rabin bokiti ba. Kwana shida bayan haka ina cikin jirgin Kano, takardar tana aljihun ƙirjina, gurbin sa hannun fari fat.